Bamberg: Baƙi Na Zuwa Don Giya, Riba Na Wurin Mai Tsiro

Bamberg gari ne da ke arewacin jihar Bavaria a ƙasar Jamus, mutanensa ba su kai dubu 100 ba, amma yana da masana'antun giya kimanin 10, galibinsu na gado ne, kuma a gidan da ake dafawa a nan ake sayarwa. Baƙi kan bi su gida-gida, musamman Schlenkerla da Spezial, waɗanda har yau suke busar da tsiron sha'ir ɗinsu a kan wutar itace domin giyar ta ɗauki ƙanshin hayaƙi. Tun 1993 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, abin da ya ƙara yawan masu zuwa.

Akasarin 'yan kasuwar da ke karanta wannan shafi ba su da hulɗa da giya, kuma ba za su yi ba. Duk da haka akwai abin lura a garin, sai dai ba a mashayun yake ba. Yana kusa da tashar jirgin ƙasa, a wani babban gini na jan bulo, wato kamfanin Weyermann da aka kafa a 1879. Babbar sana'arsa ita ce jiƙa hatsi ya tsira, a busar ko a gasa, a zuba a buhu. Yana yin tsiro fiye da iri 80, yana kuma aikawa ƙasashe fiye da 100.

Dalilin fifita shi a kan masu dafa giyar a bayyane yake. Ƙaramar masana'anta kullum a bakin rami take. A farkon shekarun 1990 Bajamushe kan sha kimanin lita 140 a shekara, a 2023 kuwa abin bai kai 90 ba. Da taimakon gwamnati ƙananan suke numfashi, domin wanda bai kai lita miliyan 20 a shekara ba ana rage masa haraji, mafi ƙanƙanta ma kusan rabi suke biya. Kuɗin baƙo kuwa na lokaci ne, da sanyi ya shigo sai ya ja baya. A Amurka, inda masana'antun giya ba su kai 100 ba a wajen 1980 amma suka haura 9,000 daga baya, waɗanda suka rufe a 2024 sun fi waɗanda suka buɗe yawa. To amma wanda ya buɗe da wanda ke shirin rufewa duka sai sun sayi tsiro, kuma ƙaramin mai dafawa ba shi da jarin gina wurin yin nasa. Faɗuwar ɗaya ba ta girgiza mai sayar wa dubbai.

Nan ne zancen ya shafi Nijeriya. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka koma ga dawa ala tilas. Daga baya an ɗage hanin, amma dawar ta riga ta samu gurbi, kuma ba a giya kaɗai ba: tsironta na shiga abin sha marar barasa irin su Maltina, da kuma Milo. Wato kasuwa ce da mai gudun haram ma yake da ƙofar shigarta.

Abin takaici shi ne yadda aka raba aikin. Manomi ya noma, dillali ya tara a Dawanau, a loda wa tirela ɗanyar ƙwaya, sannan babban kamfani ya mayar da ita tsiro a wurinsa, ya riƙe ribar sarrafawar. Alhali kuwa yin tsiro ba baƙon abu ba ne ga matan da ke dama kunun zaƙi. Abin da ya rage shi ne na'urar busarwa, da ruwa mai tsabta, da awo wanda zai tabbatar wa mai saye cewa buhun watan gobe daidai yake da na yau. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, domin dawar da aka haɗo daga gonaki 50 ba ta tsira rana ɗaya, saboda haka mai son shiga harkar sai ya fara da ƙulla yarjejeniya da manoma a kan iri guda tun kafin damina.