A Buɗe Ƙofar Taimakon Reno Ga Kowace Uwa

Jama'a, duk wanda ya ci kasuwar Jega ya gani da idonsa: mai ƙosai tana suya da goyo a baya, hayaƙi yana shiga idon jariri. A Aliero lokacin cirar albasa, a Maiyama lokacin yankan shinkafa, aiki ya sha kan uwa, reno sai ya faɗa kan yarinya 'yar shekara bakwai wadda kamata ya yi a ce tana aji. Ashe yara biyu ke nan aka cuta a gida ɗaya.

Da aka janye tallafin man fetur a 2023, Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15. To, amma sai wanda sunansa ke cikin rajista, aka kuma tantance shi da lambar katin ɗan ƙasa. Shin mai daddawa da ke ɗaure cinikinta a bakin zane, wa ya je ya rubuta ta? Wata uku kuma me zai yi, alhali yaye kansa sai an doshi shekara biyu?

Kada mahukunta su ce mana abin ba shi yiwuwa. An yi shi nan maƙwabta. Daga 2014, da kuɗin Ingila, an gwada wani shiri a Anka da Tsafe ta Zamfara, da Buji, Gagarawa da Kirikasamma ta Jigawa. Mace mai ciki a ƙauyen da aka zaɓa tana karɓar naira 3,500 kowane wata, daga baya 4,000, har ɗanta ya cika shekara biyu. Ba a auna talaucinta ba, ba a tambayi jam'iyyar mijinta ba. Ciki shi ne shaida. Masu bincike sun sami raguwar tsumburewar yara a ƙauyukan.

Abin da muke nema ke nan a Kebbi. A rubuta uwa ranar da ta je awo, a daina jiran wata takarda daga sama. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuwa ta ambaci kula da ƙananan yara, saboda haka a buɗe ajin reno a firamaren da ke kusa da kowace kasuwa.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, shugabannin layi su tattara sunayen masu ciki da masu goyo, mu kai wa wakilanmu na majalisar Birnin Kebbi kafin a zauna kan kasafin kuɗin baɗi.