A DAINA BINNE WAƘA A KAN ALLO



A taron iyaye na ɗaya daga cikin makarantun unguwarmu a Agege, an kawo shawarar a soke awa ɗaya tal da ake ba yara darasin waƙar Hausa ranar Asabar, a mayar da ita ta lissafi. Wasu sun ce waƙa ba ta ba yaro aiki, wasu kuma sun ce shagala ce. Mu ba mu yarda ba, kuma za mu faɗi dalili ko da za a ji haushinmu.

Masu cewa shagala ce, wace waƙar suke nufi? Da waƙa Nana Asma'u 'yar Shehu ta karantar da matan karkara ta hannun jajinta. Da waƙar Imfiraji Malam Aliyu Namangi, makaho a Zariya, ya yi wa'azin da ya shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Tuhfatul Aɗfal da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya don tajwidi, ita ma ai waƙa ce.

Amma gaskiya ɗaya ce: yadda ake koyar da darasin yanzu, ba mu ga laifin uban da ya raina shi ba. Malam zai cika allo da baitoci, yara su kwafe, a ce su haddace ma'anar jigo da salo da zubi da tsari, a tashi. Zangon karatu ya ƙare ba wanda ya buɗe baki ya rera ko ɗango ɗaya. An feɗe waƙa tun yaro bai gan ta da rai ba.

A nan kudu wannan kuskuren ya fi tsada. Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi aka gina shi, rubutun boko kuwa ba ya nuna dogon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Garin da ake zama da garin da ake tuwo da shi, a takarda duk "gari" ne. Yaron Kano zai bambance su ba tare da tunani ba, domin a cikinsu ya tashi. Namu da aka haifa a Agege ko Idi-Araba, kunnensa cike da Yarabanci da Turancin buroka, a ina zai ji bambancin in ba a rera masa ba? Shi ya sa za ka ji ɗanka yana Hausa, kalmomin daidai, amma in kun je gida hutun Sallah sai 'yan uwansa su yi ta kwaikwayonsa. Wasu yaran daga nan suke yin shiru, su koma Turanci gaba ɗaya. Mun ga haka a gidajenmu.

Ku dubi maƙwabtanmu. Tun 2018 Jihar Legas ta yi dokar wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, kuma a bikin makaranta za ka ga ƙaramar yarinya ta miƙe tana ewi, iyaye na tafi. Ba mu jin haushinsu, nasu suke kiwo. Namu kuwa babu gwamnatin da za ta yi mana shi a nan, sannan da hannunmu muke son soke ɗan abin da ya rage.

Abin da muke nema a wurin kwamitin makaranta shi ne a bar awar nan yadda take, a canza yadda ake cinye ta. 'Yan firamare a fara musu da waƙoƙin gaɗa da na tashe, su tafa, su amsa. 'Yan sakandare a kawo musu Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, amma rabin awar farko a ajiye biro, a saurara, a rera tare. Bayan nan malam ya tambayi jigo, zai sha mamakin amsar da zai samu. Lissafi kuwa yana da kwana biyar a mako.

Akwai dattawa a zangonmu da ke da Imfiraji a ka. Wanda ya san ɗaya daga cikinsu ya sanar da sakataren ƙungiya kafin taro na gaba, mu je mu roƙe shi da kanmu.