Sauraron sararin samaniya: Ghana ta shiga sahu, ina Najeriya?

Direban da ya ɗauko riɗi daga Birniwa zuwa kasuwar Dawanau yana bin taswirar wayarsa, da ma'aikacin safiyo da ke auna inda ambaliyar kogin Haɗejia ta kai, duk sun dogara da GPS. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, daidaiton GPS ɗin yana rataye ne da wasu tarin taurari masu tsananin nisa, waɗanda wani ƙaton baƙin rami da ke tsakiyarsu ke sa su fitar da siginar rediyo mai ƙarfi. Saboda nisansu, tamkar a kafe suke, don haka da su masana ke auna juyawar duniya, su gyara lissafin taurarin ɗan'adam.

Ana sauraron su ne da manyan faya-fayen rediyo da ke ƙasashe daban-daban, a saita su kan abu guda a lokaci guda, sai su zama kamar faifai ɗaya mai faɗin duniya. A da, sai an naɗi bayanan an yi jigilarsu zuwa cibiya. Yanzu kebul ɗin intanet mai sauri ke kai su nan take. A Janairun 2009, faya-faye 17 daga nahiyoyi da dama suka yi irin wannan aiki na sa'o'i 33, bayanansu na kwarara kai tsaye zuwa cibiyar JIVE da ke Dwingeloo a ƙasar Holan.

Sai dai tsakanin Turai da tashar Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu akwai wawakeken giɓi, kuma yankinmu na tsakiyarsa. Ghana ta ga wannan dama. Da taimakon Afirka ta Kudu, ta mayar da tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse, kusa da Accra, ya koma na binciken samaniya, Shugaba Nana Akufo-Addo ya ƙaddamar da shi a Agustan 2017.

Najeriya ma ta gaji irin waɗannan tashoshi daga NITEL: ta Lanlate a Jihar Oyo da ta Kujama kusa da Kaduna. Tana kuma da hukumar NASRDA da cibiyarta ta Nsukka. Amma ba ta cikin ƙasashen Afirka takwas da ke kafaɗa da kafaɗa da Afirka ta Kudu a babban shirin SKA.

Mai cewa talauci da ambaliya sun fi gaggawa yana da hujja. Amma irin wannan tasha ba ta aiki sai da tsayayyar lantarki, da intanet mai ƙarfi, da injiniyoyi 'yan gida, wato abubuwan da ɗan kasuwa da ma'aikaci ke kukan rashinsu kullum. Matakin farko ba ya cin kuɗi da yawa: Majalisar Tarayya ta nemi NASRDA ta binciki halin da faifan Kujama ke ciki, da wanda ke riƙe da shi tun bayan sayar da kadarorin NITEL, ta kuma bayyana wa jama'a ko zai gyaru.