Ma'aunin Lantarki Ba Ya Sanin Abin da Tsiro Ke Ci

Tun da Kanada ta halatta tabar wiwi a watan Oktoba na 2018, nomanta ya fito daga ɓoye ya koma manyan rumfunan gilashi, amma ya taho da camfe-camfensa. Mafi taurin kai a cikinsu shi ne bautar lamba guda: ƙarfin da ruwan taki ke da shi na ɗaukar lantarki, wanda ake taƙaitawa da EC. Akidar masu wannan ra'ayi ita ce, idan lambar ta hau, fure zai yi nauyi kuma sinadarin THC zai ƙaru. Kamfanonin taki ba su da dalilin musanta wannan, tunda kowane ƙari kwalba ce aka sayar.

Na'urar ba ta yin ƙarya, sai dai iliminta kaɗan ne. Sinadaran taki idan sun narke suna rabuwa zuwa ƙwayoyi masu caji, su ne ke ɗaukar lantarki, jimillarsu kawai take aunawa. Ba ta bambance fotasiyam da gishirin miya. Ruwan da gishiri ya cika zai iya nuna lamba ɗaya da ruwan da aka haɗa daidai, alhali ɗaya abinci ne, ɗaya guba. Takin yuriya kuwa, da yake ba shi da caji, kusan ba ta ganinsa sam. Ga kuma ruɗanin masu mayar da EC zuwa ppm: wasu na'urori suna ninkawa da 500, wasu da 700, har manoma biyu su kwana suna gardama a kan ruwa ɗaya.

Wuce gona da iri yana da farashi. Saiwa tana jan ruwa ne saboda ta fi kewayenta kauri. Idan ruwan waje ya yi kauri, jan ya yi wuya, bakin ganye ya ƙone, tsiro ya ji ƙishirwa yana tsaye cikin ruwa. A Cibiyar Volcani ta Isra'ila, binciken Nirit Bernstein ya nuna cewa yawaita naitirojin yana rage THC da CBD a cikin fure. A Jami'ar Jihar Utah ta Amurka, ɗakin binciken Bruce Bugbee ya gano cewa ƙarin fosfaras bai ƙara amfanin gona ba. Rarar tana bin ruwan da aka zubar, ta je ta gurɓata tafkuna.

Ɓarnar ta fi muni wajen masu tace iri. Wanda ya gwada zuriyarsa cikin ruwa mai kauri kaɗai, tsiron da ya jure gishiri zai zaɓa, ya ɗauka shi ne mafi inganci. Sai ya sayar da irin tare da jadawalin taki mai tsada, manomi na gaba ya gaji kuskuren, majinyacin da ke sayen maganin ya biya kuɗinsa.