Kada ka yarda a yanka maka kwali a madadin gaskit ɗin murfin kuloci

Ɗan uwa mai babur, duk ranar da za a canza maka faifan kuloci sai an kwance murfin da ke gefen dama na injin. Tsakanin murfin nan da jikin inji akwai wata siririyar takarda da makanikai ke kira gaskit. Ita ce kusan mafi araha a duk kayan aikin, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sai ka ji an ce "bar shi kawai, za mu yanka kwali mu shafa gam." Ni a ganina wannan ba sauƙi aka yi maka ba, bashi aka ɗora maka wanda inji zai biya.

Ga dalili. Babura irin su Bajaj Boxer, Jincheng, Haojue da Honda CG125, kulocinsu a cikin baƙin mai yake wanka. Man da ke cikin injin gaba ɗaya kuma bai wuce kusan lita 1 ba. Mota na iya yoyon rabin lita ta ci gaba da tafiya, amma a babur rabin lita rabin mansa ne. Ɗigon da kake gani a ƙasa da safe kana cewa ba komai, idan ya haɗu da zirga-zirgar yini guda a zafin rana, ba ya daɗewa yake kai mai ƙasa da layin geji. Daga nan sai zafi, sai ƙara, sai a ce inji ya buga.

Kwalin sabulu ko na taliya ba a yi shi don zafi da mai ba. Yana tsotse mai, ya yi laushi, ya lotse, notuna su saki. Gaskit na gaskiya kuwa an haɗa shi ne da zare da roba don ya jure zafi ya kuma riƙe kaurinsa. Kaurin nan ma da lissafi aka yi shi, yawanci bai kai milimita 1 ba. A injuna da yawa hannun da ke tura kuloci da sandar kik a jikin murfin suke zaune. In gaskit ya yi kauri ko ya yi siriri fiye da kima, tazararsu ta canza, sai ka ji kuloci ba ya kamawa yadda ya saba.

Gam kuma ya fi kwali haɗari idan aka lafta shi. Da an ɗaure murfi, abin da ka ga ya tsattso ta waje, kwatankwacinsa ya tsattso ta ciki. Idan ya bushe sai ya gutsuttsure ya bi mai. A injin CG125 da masu kama da shi, mai yana bi ta wata ƙaramar hanya a cikin murfin nan kafin ya isa karanshaf. Guntun gam ɗaya ya isa ya toshe ta ko ya cushe rariyar mai. Daga waje inji a bushe tsaf, babu yoyo, a ciki kuwa ƙishirwa ke kashe shi.

To yaya za ka zaɓi wanda ya dace? Na farko, kada ka je shago ka ce "a ba ni gaskit ɗin Boxer" kawai. Boxer akwai mai 100 akwai mai 150, murfinsu ba ɗaya ba ne. Wani babur ɗin ma an taɓa sauya masa inji, sunan da ke kan tanki daban, injin daban. Wayarka ta yi maka amfani a nan: ka ɗauki hoton lambar da aka buga a jikin inji, ka ɗauki hoton murfin bayan an cire, in da hali ka tafi da tsohon gaskit ɗin.

Na biyu, kafin a ɗaure, a ɗora sabon a kan murfin a gabanka. Kowane ramin noti ya hau kan nasa ba tare da an ja ko an yaga ba, kuma in akwai ramin mai, ya kasance a buɗe. Ka ɗan lanƙwasa shi. Idan ya tsage ko yana marmashewa, ya daɗe a ajiye ko kuma jabu ne, ka mayar.

Wani zai ce ai makanikinsa ya shekara da shekaru yana yanka gaskit da hannu, babu abin da ya faru. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ana sayar da takardar gaskit ta musamman wadda ake yankawa, kuma idan kana ƙauye babu shagon kayan gyara, gwani zai iya fitar maka da mai kyau daga ita. Tambayar ita ce, da wace takarda ya yanka, kuma ya huda ramin mai? Gam ma yana da wurinsa: ɗan shafe kaɗan a inda ɓarin inji biyu suka haɗu, ko a injin da kamfani ya yi shi ba gaskit tun asali.

Ko gaskit ɗin ya yi kyau, ɗauri na iya ɓata shi. A kankare ragowar tsohon tas ba tare da an karce fuskar murfin ba, don alminiyam ne, ba ya son sukundireba. A tabbatar 'yan bututun ƙarfe da ke daidaita murfin suna wurinsu. Notunan wasu sun fi wasu tsawo, kowanne ya koma raminsa. A ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan na daura da shi, da ƙaramar sifana. Ƙara ƙarfi ba ya tsayar da yoyo, sai dai ya cinye haƙoran ramin ko ya tsaga murfin.

Bayan an zuba mai, a tayar da inji ya yi zafi, a goge gefen murfin a duba. Washegari kafin ka fita, ka leƙa ƙasa ka kuma duba geji. Babur ɗin nan da shi ake cefane, da shi ake kai yara makaranta. Ka biya kuɗin gaskit yau, ya fi ka biya kuɗin saukar da inji gobe. Allah ya tsare mana hanya.