Himma Bayan Girma: Darasi Daga Rayuwar Balaraba Ramat Yakubu

Bahaushe yana da karin magana biyu da suke ja da juna a kan koyo da shekaru. Ɗaya na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗayan kuma na cewa gemu ba ya hana ilimi. A aikace, na farkon ne ya fi rinjaye. Wanda ya ba shekara talatin baya, ga iyali ga neman abin sakawa a bakin salati, in ya ce zai koma aji ko zai fara rubuta littafi, abin da zai fi ji shi ne a bar wa yara. Masu laccar ƙarfafa gwiwa da suka cika wayoyin hannu kuwa amsa ɗaya suke ba shi: ya yarda da kansa. Wannan amsa ba ƙarya ba ce, amma ta yi kaɗan. Tarihin ƙagaggun labaran Hausa yana ɗauke da wadda ta fi ta cika, kuma rayuwar Hajiya Balaraba Ramat Yakubu na daga wuraren da aka fi ganin ta a fili.

An haifi Balaraba a Kano a ƙarshen shekarun 1950. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara goma sha uku, auren kuma bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ne ta sake kama alƙalami a cibiyar mata manya, inda ake haɗa koyon ɗinki da saƙa da koyon karatu da rubutu. Ita da kanta ta sha bayyana cewa yankewar karatun nata ne ya sa take rubutu da Hausa. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, lokacin tana dab da shekara talatin. Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? suka biyo baya a 1990. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi wa Alhaki Kwikwiyo Ne, a 2017 kuma fim ɗin Juyin Sarauta, wanda ta rubuta ta kuma shirya, ya fito.

Abin tambaya shi ne, me ya ɗaga ta daga inda aka ajiye ta? Harshen Hausa yana da kalmar da ta dace da wannan hali, wato zuciya. Idan aka ce wane ya yi zuciya, ana nufin an taɓa shi inda yake masa ciwo, shi kuma ya mai da ciwon ya zama ƙuduri. Akasinsa shi ne mutuwar zuciya, wato a wulaƙanta mutum ya shanye ya ci gaba da zama. A nan ne himmar babba ta sha bamban da burin yaro. Yaro yana hangen abin da bai taɓa gani ba, shi ya sa burinsa yake sauyawa da safe da yamma. Babba kuwa ya san ainihin abin da ya rasa, ya san ranar da ya rasa shi, ya kuma san abin da rashin ya jawo masa. Wanda duk yake neman abin da zai zaburar da shi bayan girma, zai fi samun sa a cikin wannan sani fiye da a bakin mai lacca.

Littattafan Balaraba sun tabbatar da haka. Abu, tauraruwar Wa Zai Auri Jahila?, an raba ta da makaranta, saurayinta ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma. Gorin jahilcin nan shi ya kai ta ajin manya a birni har ta zama ma'aikaciyar jinya. Rabi ta cikin Alhaki Kwikwiyo Ne kuwa, mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara, ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe su. Babu ɗaya daga cikinsu da ta tashi da wani babban mafarki. Kowacce ta fara ne daga takamaiman rauni, ta kuma fuskance shi da aiki na yau da gobe.

Sai dai zuciya kaɗai ba ta kai mutum ko'ina in babu ƙofar da zai shiga. Da babu cibiyar da ta karɓi bazawara mai ƙananan shekaru ta damƙa mata allo da alli, da zuciyar Balaraba ta ƙare a ƙunci kamar ta dubban mata irinta. Ƙasar Hausa kuwa ba baƙuwar irin wannan ƙofa ba ce. A ƙarni na 19 Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka, cikinsu har da tsofaffi. A shekarun 1950 gangamin Yaƙi da Jahilci ya buɗe azuzuwan manya a faɗin Jihar Arewa, hukumar NORLA a Zariya kuma ta samar musu da abin karantawa, har da jaridun larduna irin su Sodangi a Kano da Zaruma a Sakkwato da Himma a Katsina. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano. Waɗanda suka koyi karatu ta irin waɗannan hanyoyi suna cikin masu saye da masu rubuta littattafan da suka mamaye kasuwa daga tsakiyar shekarun 1980.

Bayan ƙofa sai abokan tafiya. Babba da ya fara sabon abu yakan ji kunyar a ga tuntuɓensa, kuma kunyar nan ta fi talauci saurin kashe niyya. Balaraba ta samu mafaka a ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa. Sunan ƙungiyar ma, wanda aka ciro daga karin maganar raina kama ka ga gayya, shaida ne cewa sun san kallon da ake yi musu. Ba su jira manyan kamfanonin ɗab'i ba. Sun riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna tallata na juna, suna kai wa 'yan kasuwa. Shi kansa Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, ta ajin manya na yamma ya bi ya samu karatun boko.

Mai suka zai iya cewa Balaraba ba ma'auni ba ce, domin ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad ce, ta fito daga gidan da aka sani. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma bai kamata a mai da labarinta sandar dukan wadda talauci ko rashin izinin miji ya danne ba. To amma sunan gidan bai hana a cire ta daga aji ba, bai kuma rubuta mata ko shafi ɗaya ba. Abin da sukar take nunawa a haƙiƙa shi ne, duk wanda yake yi wa manya wa'azin himma, wajibi ne ya tambayi kansa ko akwai ajin da zai karɓe su in sun amsa kiran.

Wannan tambaya ta shafi sassan nazarin Hausa kai tsaye. Muhawarar da aka tafka a shekarun 1990 kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, wadda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka shiga suna kare marubutan, ta fi karkata ga inganci da jigo da tarbiyya. Har yanzu da sauran aiki a kan yadda waɗannan mutane suka zama marubuta tun farko: wane aji suka shiga, wa ya koya musu, wa ya ba su rancen kuɗin bugu na farko. Da yawansu suna raye, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya da labarinsu a ciki. Ya dace a tura ɗalibai su naɗi tarihin rayuwarsu daga bakinsu tun da sauran lokaci. Ya kuma dace sassan su duba yadda suke karɓar ɗalibin da ya zo da furfura, ko matar da ta dawo aji bayan ta aurar da 'yarta ta fari: lokacin da ake sa darasi, sharuɗɗan shiga, da irin kallon da ake yi musu a ranar farko.