Zancen Gona: Kada a bar hatsi shi kaɗai

 Ga lokacin sharar gona ya zo. Kafin ku ɗauki gatari, ku ji wannan magana.

Ran nan a makarantarmu ta yaƙi da jahilci, nan Mallawa, wani ɗalibi ya ce mini bana hatsi zalla zai shuka. Wai garwaya hatsi da wake aikin tsofaffi ne. Kuma zai sare ƴan gawon da suka tsiro a gonarsa. Na ce masa da tsohuwar zuma ake magani.

Iyayenmu ba su yi haka a banza ba. Saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ganyensa yana rufe ƙasa, laima ta daɗe. In hatsi ya ƙi, wake ya fid da gida, harawa kuma ta ci da bisashe.

Gawo ma abokin hatsi ne. Da damana yakan zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. Da rani ya yi ganye da ƴaƴa. Bisashe su sha inuwa, su ci ƴaƴan, su bar mana taki. Sarakunan Damagaram na da sun hana sare shi. Bayan farin 1984, manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka dinga barin tohonsa a gonaki, har ƙasar ta sake yin itace.

Ba mu kaɗai ke riƙe da noman gado ba. Can Amurka, a jihohin Arizona da Niyu Meziko, akwai mutanen da ake kira Fuwebulo. Ƙasarsu busasshiya ce. A shekarar 1540 Turawan Sifen suka iske su suna noman masara, wake da kabewa. A cikinsu, ƴan ƙabilar Hofi har yau suna noman masara ba ban ruwa. Sukan binne iri da zurfi, kamar taƙi guda, inda laima take. Irin kuwa na kakanninsu ne, ba su yar da shi ba.

To, ƴan'uwa, in kun iske tohon gawo, ku bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu, ku sassabe sauran. In ruwa ya zauna, ku sa wake tsakanin hatsi.

Ɗalibin nan dai ya yarda zai bar gawon. Maganar wake kuwa ya ce sai ya yi shawara da babansa.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa.